Mutum Bakwai Cikin Kwat Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a ƙarƙashin matakalar sashen koyon aikin akanta, ni da injin fotokofi biyu, ɗaya yana aiki, ɗaya yana riƙe mini butar shayi. Babu ɗalibin da ya gama sashen nan takardarsa ba ta bi ta hannuna ba. Na ga masu ƙwaƙwalwa, na ga masu naci, na ga waɗanda iyayensu suka yi asarar kuɗin mota kawai. Amma mai cika baki irin Darakta ban taɓa gani ba, ba na kuma fatan in sake gani.

Ba wanda ya naɗa shi darakta. Shi ya raɗa wa kansa tun yana aji ɗaya, wai kafin ya cika talatin kamfani zai riƙe. Jarrabawar haraji sau biyu tana yin ƙasa da shi, amma in ka ji yana bayaninta a bakin shagona sai ka rantse shi ya rubuta littafin. Kullum yana rataye da wata jaka mai makulli. Rannan ta buɗe a gabana, na ga abin da ake ta kullewa: caja ce da cokali.

Wata Litinin aka manna sanarwa cewa wani kamfanin masu binciken lissafi zai zo nan da mako biyu ya ɗauki ɗalibai uku aikin sanin makama na wata shida, har da alawus. Sashe ya ruɗe. Waɗanda ban taɓa gani da littafi ba sai ga su a layi suna buga tarihin karatunsu.

Ni kuwa hankalina yana kan mutum ɗaya, Auta, 'yar yayana, wadda take aji uku. Ubanta yana da shagon sayar da kaya a kwali. Bara ta ƙirga masa kayan sito ta gano kwalaye da dama a tsakiyar jeri ba komai cikinsu, kuma yayanta ne ya kwashe kayan ya sayar, ya mayar da kwalayen ya liƙe. Yayan ya bar gida, shagon ya tsuke, uban ya rasa wanda zai amince wa. Ya ce mata in ta samu wannan gurbi, alawus ɗin ya riƙe karatunta, ta ci gaba. In ba ta samu ba ta ajiye littafi ta dawo ta zauna masa a shago. Na san yayan nan nawa, in ya faɗi magana ba ya sake ta.

Washegarin sanarwar Darakta ya jawo benci ya ajiye a gaban shagona, ba sallama ba neman izini, ya ce ya buɗe makarantar cin intabiyu. Ya ce shi ya san cikin waɗannan kamfanoni kamar tafin hannunsa. Gaskiyar maganar, ya taɓa raka wani ɗan baffansa neman aiki, ya zauna a ɗakin jira awa huɗu yana shan sanyin na'ura. Mutum shida suka ba da kansu, sharaɗin kuwa su riƙa saya masa abincin rana bi da bi. A cikinsu akwai Dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga shagona, da Tulu, wanda sai ya karkace.

Darasin farko musabaha ce. Darakta ya ce daga riƙon hannu ake gane wanda zai riƙe amana, don haka a matse da ƙarfi. Ya kama hannun Dogo don ya nuna misali, sai muka ji ƙas. Kwana biyar Dogo yana rubutu da hagu.

Darasi na biyu kallon ido. Ya ce duk wanda ya fara ƙiftawa shi ne ƙasa, kowa ya je ya gwada a kan wani babba. Tulu ya je ya tsaya a ƙofar sakatariyar sashe, mace mai jikoki, ya zuba mata ido ba ƙiftawa har hawaye suna zubo masa. Ta tambaye shi lafiya sau biyu, ya ƙi magana don ba a koya masa wannan ba tukuna. Masu gadi biyu ne suka fito da shi.

Darasi na uku shiga ɗaki. Wannan da kansa ya nuna. Ya ce a ƙwanƙwasa sau uku, kada a jira amsa, a tura ƙofa da ƙarfin zuciya. Ya zaɓi ƙofar ɗakin ajiyar masu shara ya tura da ƙarfin zuciyar, bokitin ruwan goge ƙasa da ke bayanta ya kife masa a ƙafa. Mai sharar ta fito da tsintsiya ta tambaye shi ko a gidansu haka ake shiga wa mutane. Ya juyo wandonsa yana ɗiga, ya gaya wa ɗalibansa su lura yadda bai razana ba, wannan shi ne ainihin darasin.

Ana cikin haka tsohon malamin da ke koyar da binciken lissafi ya sauko karɓar takardunsa. Ya tsaya ya kalli benci, ya ce musu abin ba shi da wannan wahalar. Su karanta abin da kamfanin yake yi, su maimaita darasin aji ɗaya don shi ake tambaya, su zo da labarin wani abu na gaskiya da suka taɓa yi da hannunsu, abin da ba su sani ba kuma su ce ba su sani ba. Darakta ya rusuna har ƙasa ya yi godiya. Malam yana ba da baya Darakta ya ce, “Allah sarki. Shi ya sa shekara talatin yana hawa matakala ɗaya.”

Na ce masa shi kuma shekara biyu yana hawa jarrabawa ɗaya. Ya ce, “Gwaggo, ke bar wa injinki magana.”

Auta ba ta cikin makarantar, amma a shagona take cin abincin rana. Wata rana Darakta ya ce bari ya gwada ta kyauta, albarkacin inuwar da nake ba su. Ya harɗe ƙafa ya tambaye ta ko ta taɓa gano wani kuskure a wurin aiki. Ita kuwa ba ta iya ƙarya ba, ta ba shi labarin sito a taƙaice, yadda takarda ta ce kaya sun cika, ido ma ya ce sun cika, ita kuma ta gano na tsakiya fanko ne. Ba ta faɗi yadda ta gane ba, ba ta faɗi wanda ya kwashe ba. Darakta ya yi hamma. Ya ce labarin ba shi da nauyi, manyan mutane ba za su zauna jin zancen kwali ba, ta nemi wani.

Bayan kwana biyu ya miƙo mini takarda ɗaya ya ce kofi bakwai. Mu masu wannan sana'a ba ma karanta abin da muke bugawa, in da muna karantawa da tuni rabin makarantar nan ba sa gaisawa. Na ɗora, na buga, na miƙa masa.

Ashe labarin Auta ne ya kwashe tas. Ya ƙara masa gishiri, ya sa wani mai gadi a matsayin ɓarawo, ya rufe da cewa uban ya rungume ɗansa yana kuka yana cewa lallai an haifi akanta. Ya ba kowa ya haddace a matsayin labarin gidansu. Dabarar da yake taƙama da ita ita ce, wai manyan kamfanoni ɗakuna da yawa suke buɗewa, kowane ɗalibi da nasa mai tambaya, don haka ba kunnen da zai ji labarin sau biyu. Don ƙarin tsaro ya raba musu kaya: uban Dogo sabulu yake sayarwa, uban Tulu ashana, na wani madarar gwangwani, na wani batir. Shi ya riƙe wa nasa uban turare, saboda matsayi.

Saura kaya. Ya ce ba a cin intabiyu sai da kwat, kuma a cikinsu bakwai ba mai ita. Ya samo aron wata ruwan toka wurin wani mai ɗaukar hoton biki, da ɗan tabon tawada a bakin aljihu. Ya ce guda ta isa, ai ba lokaci ɗaya za a shiga ba, mai fitowa ya tuɓe wa mai shiga a bayan matakala.

Ranar ta zo. Mutanen kamfani uku ne, maza biyu da wata mata mai tabarau wadda ita ce babba. Suka shiga ɗakin taro na ƙasa, wanda yake kallon shagona, suka zauna a teburi ɗaya. Ɗaki ɗaya, teburi ɗaya, kunne shida. Dogo ya leƙa ya dawo ya gaya wa Darakta. Darakta ya ce ba komai, mutanen da za su ji ɗalibi arba'in ba sa riƙe abin da aka faɗa, a ci gaba da tsari.

Abin da ya faru a ciki sakatariya ce ta ba ni, don ita ke kiran suna, kuma tun ranar kallon ido take jiran wannan rana. Dogo ya shiga, hannun kwat ɗin ya tsaya masa a gwiwar hannu. Ya ba da labarin sabulu tiryan-tiryan, har ɗaya daga cikin mazan ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Bayan wasu ɗalibai biyu da ba 'yan benci ba sai Tulu. Da ƙyar aka cusa shi cikin kwat ɗin, mutum biyu suna ja. Ya miƙa hannu zai yi musabahar da aka koya masa, ɗinkin baya ya ce ɓarrr tun daga wuya har ƙugu. Ya zauna ya ba da labarin ashana, sai dai tsoro ya sa a tsakiya ashanar ta koma sabulu. Da ya gama ya fita da baya da baya don kada a ga ɓarakar.

A bayan matakala Darakta ya duba ɓarnar, ya ari abin maƙala takardu a shagona ya bi ɗinkin da shi, ya ba da umarni kowa ya riƙa fita da baya, wai alamar ladabi ce.

Na uku ya shiga da madara. Na huɗu da batir. Kafin na biyar kwat ɗin ta jiƙe sharkaf da gumin mutum huɗu, tana wari tun daga ƙofa. Sakatariya ta ce da mai tabarau ta hango tabon tawadar nan ya sake shigowa sai ta ajiye biro ta jingina. Na biyar yana buɗe baki ta tambaye shi me babansa yake sayarwa. Na shida ma ba ta bari ya wahala ba, ita ta ƙarasa masa, har wurin da uban ya rungume shi yana kuka. Ya ce mata ƙwarai haka aka yi, ashe labarin ya iso gare su.

Duk wanda ya fito sai ya ce wa Darakta lafiya lau, don ba mai son a ce shi ne ya ɓata. Haka Darakta ya shiga da ƙarfin zuciyarsa, ya matse hannun mutanen, ya zuba wa mai tabarau ido. Aka tambaye shi bambancin abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa, tambayar makon farko ta aji ɗaya. Ya ce wannan ƙaramar magana ce, bari ya ba su labarin da zai nuna musu ko shi wane ne. Ya yi minti goma a kan turare. Ya fito da baya yana murmushi, ya ce wa jama'ar da ke baranda sun kasa ko rubutu saboda mamaki.

Sai aka kira Auta.

Ta shiga da doguwar rigarta wadda ni na goge mata da safe. Tambayoyin karatu ta amsa su, guda ɗaya ta ce ba ta sani ba. Sannan aka tambaye ta ko ta taɓa gano kuskure a wurin aiki. Ta ce mahaifinta yana da shago, bara ta ƙirga masa kayan sito. Ɗaya daga cikin mazan ya kife kai a teburi yana dariya. Ɗayan ya tambaye ta sabulu ne ko ashana. Yarinya ta tsaya tana kallonsu, ba ta san me ta yi ba.

Mai tabarau ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta fito baranda, ta sa sakatariya ta kira mata duk masu uba mai sito. Suka jeru su takwas a gaban shagona, ɗalibai suka cika matakala har sama. Ta sa hannu a aljihun kwat ɗin da ke jikin Darakta ta zaro wata takarda da gumi ya jiƙa, wadda wani ya manta a ciki. Tun daga nesa na gane ta, don injina yana barin baƙin layi a gefen hagu. Ta karanta layin farko a fili. Auta ta juyo ta kalle ni. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, da hannuna na buga abin da zai mayar da 'yar yayana shago.

Matar ta ce labari ɗaya ba ya da uba takwas, kuma kamfaninsu ba ya ɗaukar maƙaryaci ko ɗaya, don haka ko a samu mai shi ko duka su tafi. Darakta ya matso ya ce nasa ne, sauran ya ba su aro ne saboda tausayi, ita kuma Auta, wannan ƙanwar tasa, a bakinsa ta ji.

Matar ta waiga ta ga kwalayen takarda da na jera a gefen shagona, hawa huɗu. Ta ce to ga sito, wanda ya taɓa yin aikin ya gaya mata rim nawa ne a nan, wato ƙunshin takarda nawa, ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba. Ni kuwa ban so ta zaɓi kwalayena ba, saboda wani dalili nawa na kaina.

Darakta ya gyara kwat. Ya ƙirga da yatsa daga nesa, ya ce kwali ashirin da huɗu, kowane rim biyar, ɗari da ashirin ke nan, har ya ɗan rusuna wa jama'a. Ta tambaye shi ko ya tabbata duka cike suke. Ya ce ido irin nasa ba ya kuskure, bari ma ya nuna mata. Ya taka benci ya haye kan jerin ya tsaya, ya buɗe hannuwa. Na saman ya riƙe shi daƙiƙa biyu. Sannan na ƙarƙashi ya lotsa, jerin ya buɗe baki ya haɗiye shi har hammata, ƙarafunan da ya maƙala a bayan kwat suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya. Dariyar da aka yi har shugaban sashe sai da ya leƙo ta taga. Mai shara ta ce a bar shi a ciki, ita za ta fitar da shi da sauran shara.

Auta ba ta kalle shi ba. Ta durƙusa ta bi kwalayen tana ƙwanƙwasa kowane da bayan yatsa, tana kasa kunne, tana shafa gindinsa ta ji ko an sake liƙe shi. Ta miƙe ta ce tara ne masu kaya, sha biyar iska ce. Matar ta dube ni. A gaban duk makarantar na amsa cewa haka ne, fankon nake jerawa don shago ya yi kwarjini. Wannan ma Darakta ne ya jawo mini, kuma ban yafe ba.

Matar ta ce saura tambaya ɗaya, wa ya kwashe kayan siton. Daga cikin kwali Darakta ya ce mai gadi ne, an ma kama shi. Ba wanda ya kula shi. Ido ya koma kan Auta. Ta san gurbin yana rataye da amsar.

Ta ce, “Ranki ya daɗe, wannan na faɗa wa mai shagon. Shi kaɗai ke da hakkin ji.”

Matar ta tambaye ta ko da hakan zai sa ta rasa gurbin. Ta ce ko da hakan. Matar ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau, sannan ta ce su koma ciki, ba su gama ba.

Da la'asar aka manna suna uku, na Auta ne na biyu. Daga benci ba ko ɗaya. Darakta yana ɗingishi yana bin mutane yana cewa ɗalibarsa ce, shi ya fara yi mata tambayar, har mai ɗaukar hoton biki ya iso neman kwat ɗinsa, daga nan ba a sake jin muryarsa ba.

Auta ta ce ba za ta iya kiran ubanta ba, in kira. Ashe labari ya riga ni, wani ya gaya masa an yi ta zancen sitonsa a makaranta a gaban jama'a. Bai tambaye ni ko ta samu ba. Muryarsa a dushe ya ce, “Ta faɗi sunansa?”

Na ce, “Yaya, an tambaye ta a gaban kowa, an ce za ta iya rasa gurbin. Ta ce kai kaɗai ke da hakkin ji.”

Ina jin ƙarar motoci a bakin shagonsa, da wani yana tambayar farashi ba a amsa masa ba.

Ya ce, “Ki ce mata ta je ta yi karatunta. Zan koyi ƙwanƙwasawar da kaina.”